Ƙarya mai fure a Yelwa da gaskiyar da take faɗa wa ofisoshin gwamnati

Duk wanda ya bi hanyar Dass daga cikin garin Bauchi a watan Maris, ya ratsa Yelwa da tsakar rana, zai ga yadda rani ke tona asirin kowane lambu. Ciyawar da aka shimfiɗa a gaban ofis ta koma ja kamar tsohuwar tabarma, fulawoyin da aka jera a bakin hanya sun sunkuyar da kai, ƙurar da hunturu ya bari kuma ta lulluɓe ganyen mangwaro. Amma jefi-jefi, a ƙofar wani gida ko a kusurwar wata haraba, idon mai wucewa kan faɗa kan wata gajeriyar itaciya mai kumburarren gindi, wadda ta zubar da ganyenta kusan duka, ta cika rassanta da furanni ruwan hoda da ja, tamkar ba ta san ana zafi ba. Ita ce Hausawa ke kira ƙarya, wasu littattafan kuma su rubuta kariya. Masana tsirrai na ce mata Adenium obesum, masu sayar da fulawa a birane kuma sun fi saninta da sunan Turanci mai ma'anar furen hamada.

Akwai darasi a jikin wannan itaciya ga ma'aikacin tarayya, ko yana zaune a Abuja ko an tura shi Bauchi, kuma darasin ya wuce na ado. Lambu a Arewa a watan Maris ake auna shi, domin a Agusta ko juji kore ne. Abin da ya cancanci a kashe masa kuɗin jama'a da ruwan jama'a shi ne abin da zai kai ga wata damina da ransa, a hannun mai kula guda ɗaya da aka san sunansa. Ƙarya ta cika wannan sharaɗi fiye da yawancin abin da ake shukawa a harabar ma'aikatu, kuma dalilan da suka sa aka fi son waɗancan a kanta su ne dai dalilan da ke sa ayyukan gwamnati da yawa su yi kyau ranar buɗewa, su lalace kafin shekara ta zagayo.

Sunan da ya zama zargi

Bahaushe ya ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Mafi yawan masu jefa wannan karin magana a muhawara ba su san akwai itaciyar da ake dangantawa da ita ba. Tun zamanin da likitan Turawan mulki J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a ƙamus ɗinsa na 1916 ake samun sunan a rubuce, kuma bayanin da aka saba bayarwa shi ne mutane sun lura tana cika da fure shekara da shekaru amma da wuya a gan ta da 'ya'ya, sai suka laƙaba mata sunan abin da ya yi kama da halinta.

Sai dai an yi mata hukunci ba a ji ta bakinta ba. Ƙarya tana 'ya'ya. Takan fitar da kwanso biyu dogaye a haɗe, kamar ƙahonin sa, idan sun bushe su tsage, iri siriri mai gashi a kowane gefe ya fito iska ta ɗauke shi, kusan yadda audugar tumfafiya ke tashi, kuma tumfafiyar ma 'yar danginta ce. Abin da ke hana ta haihuwa a cikin gari shi ne galibi furenta ba ya ɗaukar ciki da garin furen jikinsa. Sai ƙwaro ya kawo masa daga wata itaciyar daban. Ƙaryar da ke gidajen mutane kuwa yawanci reshe aka karya daga gidan maƙwabci aka dasa, shi ma maƙwabcin daga wani gidan ya samo, ta yadda unguwa guda kan cika da itaciya ɗaya tilo da aka rarraba. Rashin 'ya'yan ya samo asali ne daga yadda aka dasa ta.

Ita 'yar ƙasa ce a wannan yanki. Tana tsirowa da kanta a busassun wurare tun daga Senegal da Muritaniya, ta bi ta Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi da Sudan, har zuwa Habasha da Somaliya da Kenya, ta tsallaka Bahar Maliya zuwa kudancin ƙasar Larabawa. A Yemen ne masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, Peter Forsskål, wanda ya rasu a can a 1763, ya rubuta bayaninta, a 1819 kuma aka ba ta sunan Adenium, wanda ake dangantawa da birnin Aden. A yau manoman fulawa a Tailan da Taiwan sun mayar da ita sana'a: sun fitar da launuka iri-iri da masu ninkin fure, suna yi musu aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, suna sayarwa ƙasashen duniya. Abin da ke tsaye a dawan Sahel ba mai ba shi ruwa, ya je Asiya ya yi kwalliya, masu sha'awa na nemansa da tsada a intanet.

Yelwa da lissafin ruwa

Yelwan Bauchi, wadda ba a haɗa ta da ta Yawuri ko ta Shendam ba, unguwa ce ta ma'aikata da ɗalibai. A nan harabar farko ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa take, wadda aka kafa a 1980 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ta samu sunanta na yanzu a 1988. Kwalejin Aikin Gona ta Jihar Bauchi na nan, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya kuma na maƙwabtaka a Gwallameji. Malamai da akawu-akawu da direbobi da masu gadi na waɗannan wurare su ne suka cika Yelwan Makaranta da Yelwan Tudu da Yelwan Lebura da Kagadama. Mutane ne masu albashi, waɗanda suka san farashin jarkar ruwa kamar yadda suka san farashin mudun shinkafa.

Sunan unguwar na nufin yalwa, amma ruwa a Bauchi yalwarsa ta wata biyar ce. Garin na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, mafi yawa a Agusta. Daga Nuwamba zuwa Afrilu sama kan rufe bakinta, a Maris da Afrilu kuma zafi kan doshi digiri 40. Madatsar ruwa ta Gubi ce ke shayar da birnin, inda famfo bai kai ba ko ya ɗauke kuwa sai rijiya da burtsatse da 'yan garuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kowace lita da janareta ya jawo daga ƙarƙashin ƙasa ta ƙara tsada.

A nan lissafi ya zama dole. A lokacin zafi, kowane murabba'in mita na shimfiɗaɗɗiyar ciyawa na bukatar kimanin lita 5 zuwa 7 a rana kafin ya zauna kore. A ɗauki mafi ƙarancin adadin, a ɗauki ƙaramin fili mai murabba'in mita 200 irin wanda ake gani a gaban ofis. Lita 1,000 ke nan a rana, wato jarka 40 masu cin lita 25. A cikin kwana 180 na rani ya zama lita 180,000, domin a ga kore a wurin da ba mai zama a kai, a garin da mata da yara ke sammakon layin ruwa. Ƙaryar da ke cikin tukunya kuwa lita ɗaya ko biyu a mako ta ishe ta, wadda ta kafu a ƙasa kuma takan ƙetare rani ko ba a ba ta komai ba, saboda kumburarren gindin nan rumbun ruwa ne da ta cika tun damina.

Furen biki

To me ya sa ofisoshi ba su cika da ita ba? Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ya san amsar. Ana jin babban baƙo zai zo, sai a tuna da haraba. Ɗan kwangila ya zo da mota cike da fulawa a cikin baƙar leda, irin masu fure cikin mako biyu su mutu cikin wata uku, a shimfiɗa ciyawa, a shafa wa duwatsu farin fenti, tankar ruwa ta yi ta zirga-zirga har ranar taro. Baƙo ya zo ya yanke kyalle, a ɗauki hoto, a biya kuɗi. Daga nan tankar ba ta sake dawowa, leburan da aka bar wa aikin kuma ba a ba shi ko bokiti ba. Baɗi war haka a sake rubuta takardar neman kuɗin ƙawata haraba, kamar ba a taɓa yi ba.

Ƙarya ba ta dace da wannan tsari ba, domin ba ta da gaggawa kuma ba ta mutuwa da wuri. Takan ɗauki shekaru kafin ta yi girman da za a tsaya kallo, idan ta kafu kuma babu dalilin sake sayenta. Shukar da ba ta buɗe ƙofar sabuwar kwangila a kowace shekara ba ta da mai yi mata kamfe a ɗakin taro.

Halin bai tsaya a fulawa ba. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Najeriya ta kafa hukumar da ke kula da shi a 2015, kuma Bauchi na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. A watan Satumban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin dasa itatuwa miliyan 25 a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya. Duk waɗannan manufofi ne masu kyau, kuma ba wanda zai ce ƙarya ce za ta tare hamada. Abin lura shi ne adadin da aka fi jin ana sanarwa shi ne na ranar dashe, alhali adadin da ke da amfani shi ne na abin da aka samu da rai bayan rani biyu. A watan Afrilun 2022 an sa hannu a kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 11 kan kula da gine-ginen gwamnati, wanda ya nemi ma'aikatu da hukumomi su ba gyara da kulawa muhimmanci. Harabar ofis ita ce wuri mafi sauƙi da za a gane ko umarnin ya sauka daga takarda, domin ba sai an kira mai binciken kuɗi ba. Ido kaɗai ya isa.

Yadda ake rainonta

Mai son gwadawa, a gidan haya a Yelwa ko a bayan ofis a Garki, ya fara da sanin abu ɗaya: ƙishirwa ba ta cika kashe ƙarya ba, yawan ruwa ne ajalinta. Duk sauran ƙa'idojin daga nan suka fito.

Wurin da za a sa ta ya zama mai samun rana aƙalla awa shida a yini. A ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro za ta yi ta miƙewa siririya ba fure. A nisanta ta daga bakin indararo da duk inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke ruwan sama. A tudu mai tsakuwa ko burji ana iya dasa ta kai tsaye. Inda ƙasa ke da laka sai a tara mata tudu kamar kunyar rogo, a dasa ta a kai, yadda ruwan Agusta zai gangare ya bar saiwarta.

Idan a tukunya ce, ta ƙasa ta fi ta roba, domin tana numfashi kuma tana saurin bushewa, amma dole a huda gindinta. A haɗa kashi biyu na yashin rafi mai kauri, kashi ɗaya na ƙasar lambu, kashi ɗaya na takin gargajiya da ya riga ya ruɓe sosai, a ƙara ɗan dakakken gawayi. Ɗanyen taki na jawo gara da ruɓa. A bar saman kumburarren gindin a waje, kada a binne shi duka.

Hanyoyin samun sabuwa biyu ne. Mafi sauƙi shi ne a yanki lafiyayyen reshe mai tsawon santimita 15 zuwa 20 da wuƙa mai tsabta, a shafa toka a bakin yankan, a ajiye shi a inuwa kwana uku zuwa mako guda har raunin ya bushe, sannan a kafa shi a yashi mai ɗan damshi. Wanda ya dasa reshe ɗanye ya kwarara masa ruwa, ruɓaɓɓe zai tarar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sanyi ya wuce, kafin damina ta kankama. Hanya ta biyu ita ce iri. Idan aka ga kwanso ya fara ƙosawa, a ɗaure shi da zare don kada ya tsage iska ta kwashe, a shuka irin da wuri saboda ba ya jure ajiya. Sabon iri kan tsiro cikin mako guda ko ɗan fiye, ya yi fure cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wadda ta fito daga iri ita ce ke yin gindin nan mai kama da ƙaramar kuka. Ta reshe ba ta cika yin irinsa ba.

Wajen ban ruwa yatsa ne alƙali. A cusa shi cikin ƙasar tukunya, idan da sauran damshi a haƙura. A lokacin zafi sau ɗaya a mako ya wadatar, a ba ta sosai har ya fita ta ƙasa, sannan a bar ta ta bushe. A hunturu sau ɗaya a mako biyu, ko ƙasa da haka. Da damina ba a ba ta komai, idan ruwa ya yi kwanaki yana zuba ma a janye tukunyar zuwa gefen rumfa. Kuskuren da aka fi yi shi ne na watan Disamba da Janairu: ganye ya yi rawaya ya zube, mai gida ya zaci mutuwa take yi, ya yi ta ɗura mata ruwa. Hutawa take yi, tana shirin fure. Alamar haɗari ta gaskiya ita ce gindi ya yi laushi idan an matsa, ko ya fara wari. Ko a nan ba a fid da rai: a tone ta, a yanke duk inda ya ruɓe har a kai ga farin nama, a shanya ta a inuwa mako guda, a sake dasawa a busasshiyar ƙasa.

Taki kaɗan take so. Wanda ya zuba mata yuriya zai samu ganye shar babu fure. Idan rassa suka yi tsawo suka rame, a datse su a karkace kafin damina, yadda ruwa ba zai zauna a bakin yankan ba. Kowane reshe da aka datse kan fito da biyu ko uku, fure kuma a kan rassa yake fitowa. Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da ƙananan masu tsotsar ganye ana korarsu da ruwan sabulu mai sauƙi ko jiƙaƙƙen 'ya'yan dogon yaro, tsutsa kuma a tsince ta da hannu. Duk bayan shekara biyu ko uku a sauya mata tukunya, a ɗan ɗaga gindin sama kaɗan. Wannan shi ne dukkan aikin, kuma bai kai minti goma a mako ba.

Abin da masu suka za su ce

Suka ta farko ita ce mafi nauyi: ƙarya guba ce. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata mai sayarwa ya ɓoye wa mai saye ba. Ruwan da ke fita daga jikinta na ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya, shi ya sa maharba a sassan Afirka suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da shi, kamar yadda ake yi da kwankwani, wanda shi ma ɗan danginta ne, wasu kuma na kashe kifi da shi. Saboda haka ba a dasa ta a makarantar ƙananan yara, ko a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe, ko inda awaki ke kaiwa. Mai yankan reshe ya sa safar hannu ko leda, ya kiyaye idonsa, ya wanke hannu da wuƙa da sabulu. Kada wani ya jiƙa ta ya sha da sunan magani, idan kuma yaro ya tauna a garzaya da shi asibiti. Sanin haɗarin ne ke nuna inda ya dace a sa ta: harabar ofis mai shinge, tsakiyar shataletale, gaban ɗakin karatu, baranda mai tsayi.

Suka ta biyu ita ce ta ciki. Wani zai ce a lokacin da albashi ba ya kai ƙarshen wata, wa ke ta fure? A dasa zogale da gwanda da lemo. Wannan ma magana ce mai kyau, kuma ƙarya ba kishiyarsu ba ce. Ruwan da aka tsirar daga ciyawar ado shi ne zai shayar da zogalen. Ma'aikacin da ke da jarka biyu na lambu a mako ya ba kayan miya ɗaya da rabi, sauran ya isa ƙarya uku. Talaka ma yana da haƙƙin ya buɗe ƙofa ya ga abin da zai faranta masa rai, matuƙar ba daga bakin tulunsa aka ɗiba ba.

Suka ta uku ita ce ba ta da inuwa, kuma ciyawa na rage zafi da ƙura. Haka ne. Inuwa aikin dogon yaro ne da tsamiya da maɗaci, kuma harabar da ba ta da su ta fara da su kafin ta yi zancen fure. Abin da ake nema shi ne a rage faɗin ciyawa zuwa inda ake zama a kai, sauran filin a rufe shi da tsakuwa da ƙananan shuke-shuke masu jure fari. Ƙarya ba ita kaɗai ba ce a wannan sahu. Lalle na yin shinge mai ƙamshin fure, minjirya na fitar da jan fure a tsakiyar rani kuma reshenta kawai ake kafawa, gurjiya ma haka take yi idan ta girma. Duk sunayensu na cikin bakin kakanni, ba sai an buɗe kundin ɗan kwangila ba.

Akwai kuma haɗarin da nasara kan jawo. Idan ofisoshi suka fara nemanta, za a samu masu shiga daji su tumɓuke tsofaffin da suka shekara talatin ko arba'in suna girma, su loda a mota. Wannan ɓarna ce da za ta shafe amfanin duka. Ofishin da zai saya ya sharɗanta cewa daga iri ko reshe aka raine ta. Kwalejin Aikin Gona da ke Yelwa, da Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke Daɗin Kowa a Jihar Gombe, da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos, wurare ne da ke da malamai da ɗaliban da za su iya rainon dubbai idan aka nema daga gare su, kuɗin kuma ya zauna a makarantun gwamnati.

Abin da ke hannun mai riƙe da fayil

Minista ba ya zaɓen fulawa. Wanda ke zaɓa shi ne jami'in da ya rubuta takardar bukata, da mataimakin daraktan da ya duba ta, da hadimin da ya ce a hanzarta saboda baƙo na tafe. Waɗannan su ne ke da ikon sauya abin, kuma ba sai an yi sabuwar doka ba.

Za su iya sa wa a rubuta cikin takardar kwangila cewa mafi yawan abin da za a dasa ya zama mai daɗewa kuma mai jure rani. Za su iya neman a riƙe wani kaso na kuɗin har ƙarshen Afrilu, a ƙirga abin da ya rayu sannan a biya, kamar yadda ake riƙe wani kaso a kwangilar gini har a ga ingancin aiki. Za su iya tabbatar da cewa kowace haraba na da mai kula guda da aka rubuta sunansa, aka ba shi kayan aiki, ake biyansa a kan lokaci, domin lambun kowa da kowa shi ne lambun da ba na kowa ba. Za su iya sa lambu cikin takardar miƙa aiki, kusa da motoci da kwamfutoci, ta yadda wanda ya gaji kujera zai san ya gaji abin da ke da rai.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya na barin aiki ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. A tsawon wannan lokaci zai ga shugabanni sun zo sun tafi, a sauya wa ma'aikatarsa suna, a ɗauke shi daga Abuja zuwa Bauchi a dawo da shi. Ƙaryar da ya shuka daga iri a shekarar da ya kama aiki za ta iya bin sa duk inda aka tura shi a bayan mota, ta jure makonnin da ya yi tafiya ba mai ba ta ruwa, ranar da zai karɓi takardar ritaya kuma gindinta ya fi ƙarfin tafin hannu biyu. Kaɗan ne daga cikin fayilolin da suka bi ta teburinsa za su iya nuna irin wannan sakamako.

Wanda zai fara a bana ya nemi guda biyu daga uwaye daban-daban, ɗaya daga Yelwa misali, ɗaya daga wani gari, ya ajiye su kusa da juna a rana. Idan ƙwari suka yi nasu aikin, wata bazara zai ga ƙahoni biyu sun fito a inda fure ya faɗi, ya ɗaure su da zare, ya raba irin ga abokan aikinsa.